Yadda Muka Dafa Sukarin Kawu

Aikin koyarwa na farko da aka ba ni a Goronyo ne, zamanin Turawa, tun ba wanda ya taɓa tunanin wata rana za a tare gulbin Rima da madatsa. Ni mutumin Wurno ne. Ina saurayi a lokacin, na fito daga makarantar horon malamai da farar riga da jar dara da kai cike da abubuwan da ban taɓa gwadawa da hannuna ba. Da yake ƙanen mahaifiyata yana zaune a Goronyo, sai aka ce in sauka gidansa.

Kawu gajeren mutum ne mai babbar murya, ɗan kasuwa wanda sana'a ba ta daɗewa a hannunsa. Ya yi goro, ya yi fata, ya yi kanwa, kowacce ya shige ta da ƙarfinsa ya kuma fita da labari. Halinsa shi ne in bai yarda da abu ba, ko ka kwana kana bayani ba ya ji, in kuwa ya yarda, to ya yarda ke nan har ya fi ka. Matarsa, wadda nake kira Inna, doguwa ce marar yawan magana. Tukwanenta ne abin alfaharinta, manya, na ƙasa, waɗanda ta zo da su tun daga gidansu.

Kawu bai ɗauki karatun boko a bakin komai ba. Yakan kira ni Malam, amma yana jan kalmar yadda kowa zai gane ba girmamawa ba ce. Ranar da na sauka ma tambayarsa ta farko ita ce, "To Malam, mi anka koya maku can, ban da tsayuwa kamar soja?"

Shekarar da na zo gishiri yake yi, farin nan na kanti da ake sayowa Sakkwato cikin buhu. Wata rana da babu makaranta, wajen ƙarshen damina, gulbi ya cika, ya ce in raka shi ƙauyukan ƙetare ya kai kaya. Muka shiga jirgin wani tsohon mai fito, jirgin da aka toshe ramukansa da tsummoki har ba ka iya cewa itace ya fi yawa ko tsumma. Aka jera buhunan a ƙasa, muka zauna a gefe. Ba mu yi nisa ba ruwa ya fara shigowa. Mai fito ya ɗauki ƙwarya yana kwarfewa da hannu ɗaya, yana tuƙi da ɗayan, mu kuwa hankalinmu yana kan igiyar ruwa, ba wanda ya dubi kaya. Da ruwan ya kai mana idon sawu, tsohon ya juya da mu gaɓar da muka baro.

A bakin gaɓa Kawu ya kama buhu zai ɗaga, buhun da ɗazu sai da muka haɗu mu biyu muka ɗauka. Ya taso masa a hannu ɗaya, a saɓule, yana zubar da ruwa. Ya duba na biyu, haka. Ya zauna a kan yashi ya yi salati. Mai fito ya ce, "Jirgin ga shina shan ruwa tun zamanin ubana, ba wanda yat taɓa kawo ƙara." Ya sunkuya ya ci gaba da kwarfe ruwan yana watsawa gulbi.

Nan na tuna wani darasi. A makarantar horo wani malaminmu ya taɓa narkar da gishiri cikin ruwa, ya zuba a cokali, ya riƙe kan fitila har ruwan ya ƙone, farin gari ya rage. Na tsoma yatsa cikin ruwan jirgin na lasa. Sai na kama hannun tsohon na ce ya dakata.

Kawu ya ɗago kai. "Mi kaka yi?"

Na ce, "Kawu, gishirinka bai tahi ko'ina ba. Shina nan cikin ruwan ga. Ɓuya yay yi."

"Ɓuya."

"In munka dahwa ruwan har ya ƙone, gishirin zai hito."

Ya dube ni, ya dubi ruwan, wanda yake da launin kunun kanwa, ga ɓawon gyaɗa da ƙananan kifaye suna yawo a ciki. Ina jin da yana da wata dabarar da bai saurare ni ba. Amma ba shi da ita. Akwai mata suna ɗiban ruwa a kusa, ya roƙe su aron tuluna. Haka muka shigo gari da jerin mata ɗauke da ruwan jirgi, mutane suna tambaya ko rijiyar gidanmu ce ta rufta.

Aka ce wa Inna za a dafa ruwan kwalekwale a tukwanenta. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye, ta koma ta zauna inda za ta iya ganinsu. Na ce sai an tace, ba mu sami ƙyalle mai faɗi ba, Kawu ya kwance rawaninsa. Muka hura wuta tun da hantsi. Ruwa ya yi ta tafasa yana raguwa, Kawu yana zagaya murhu yana leƙawa, yana cewa shi bai ga komai ba sai itacensa da ke ƙarewa. Ni kaina na fara shakka, don cokali daban, tukunya daban. Wajen la'asar sai ga wani farin ɓawo ya fara kama gefen tukunya. Da ruwan ya ƙafe, ƙasan ya rufe da gari mai ɗanshi. Kawu ya dangwala ya sa a harshe.

Can ya ce, "To wanda tsohon ga yaz zuba cikin gulbi hwa?"

Na ce shi ma yana can, amma sai dai a dafa gulbin gaba ɗaya. Ya juya ya dubi wajen gulbi, wani irin kallo da bai kwanta mini a rai ba.

Gishirin da muka samu bai kai yadda yake da fari ba, kuma ya ɗan yi toka-toka, yana ƙarnin kifi. Kawu bai ɓoye wa kowa ba, duk wanda ya tsaya sai ya ba shi labarin tun daga shiga jirgi. Mata suka saya don jin labari, suka dawo don sun ce miya tana yin daɗi da shi, kamar an jefa kifi. Kafin a jima ya ƙare, har wata ta zo tana tambaya yaushe za a sake nutsewa.

Daga ranar Kawu ya daina jan kalmar Malam. Ya koma yana faɗinta gajeriya, da nauyi, kuma a duk majalisar da ya zauna sai ya sanar da mutane cewa ɗan yayarsa yana maido da abin da ya ɓace. Ban san nisan da maganar ta yi ba sai da na fara dawowa daga makaranta ina tarar da mutane a zaure suna jirana. Wata tsohuwa ta zo da toka a ƙullin ganye, ta ce zanenta ne da ya faɗa murhu. Wani manomi daga Taloka ya kawo ruwan fartanya da tsatsa ta cinye ya zama kamar ganye. Akwai wanda ya zo da ƙwai dafaffe, ya ce kuskure aka yi, na kwanci ne.

Na yi ta bayani yadda aka koya mana. Na ce sauyin abu iri biyu ne. Akwai wanda abin yana nan yadda yake, kamanninsa kawai ya sake, kamar man shanu da ya narke a rana, in ya sha sanyi ya koma. Akwai kuma wanda abin ya zama wani abu dabam, kamar itace da ya zama toka, shi wannan ba ya komawa. Suka saurara da ladabi. Tsohuwar ta ƙulle tokarta ta ce ta gane, sai ta kawo ɗan abin goro tukuna. Mai ƙwan kuwa ya ɓare shi ya cinye a nan zauren, ya tafi yana cewa ilimin nawa na masu buhu ne.

Ana gab da azumi Kawu ya shiga sukari. A lokacin ba kowa ke shansa ba, sai masu hali da ma'aikata da masu son a ce sun sha. Ya tafi Sakkwato da jakinsa ya sayo buhu na garin sukari. A hanyar dawowa, wajen Marnona, jakin ya hangi wata jaka a gona, ya yi tsalle ya watsar da kaya. Buhun ya fashe a gefe ɗaya, wani sashe ya zube cikin rairayi. Da a da ne, da Kawu ya zauna ya yi salati. Wannan karon, in ji shi, ko gabansa bai faɗi ba. Ya tattara sukarin da rairayin da duk abin da hannunsa ya kamo, ya mayar cikin buhun a kan mai kyau, ya ɗaure, ya kamo hanya yana waƙa. Kafin ya iso gida tafiyar jaki ta gauraya komai.

Ya ajiye buhun a gabana ya kwance. "Malam, ga aiki."

Na duba na ga abu mai sauƙi. Sukari yana narkewa a ruwa, rairayi ba ya narkewa. A jiƙa, a tace, a dafa. Na ma taɓa amsa irin wannan tambayar a jarrabawa, sai dai da gishiri aka yi ta. Kawu ya tambaye ni sau ɗaya kawai, "Shi ma ɓuya zai yi ya hito?" Na ce ƙwarai kuwa.

Ranar Juma'a da safe muka fara. Inna ta sake fito da tukwane. Rawanin Kawu ya sake sauka daga kansa. Kashi na farko ya tafi daidai har na ji daɗin kaina: rairayi ya tsaya a rawani tare da ƙaya da kashin awaki, ruwa ya sauka garau, mai zaƙin da yake kama maƙogwaro. Muka raba shi a tukwane muka hura wuta. Maƙwabta suka shigo kallo, don Kawu ya gayyace su. Har tabarma ya shimfiɗa musu.

Ruwan ya yi ta raguwa, ya fara kauri, yana tafasa da manyan ƙwayaye masu fashewa a hankali. Ƙamshi ya cika gidan. Ina ta duban gefen tukunya ina jiran farin ɓawon nan, bai zo ba. Maimakon haka abin ya ɗauki launin man gyaɗa.

Kawu ya ce, "Malam, shina yin rawaya."

Na ce sauran ruwa ne bai gama fita ba, a ƙara wuta. Aka ƙara kara da itace. Rawaya ta koma launin zuma. Maƙwabta suka ce ma sha Allah. Zuma ta koma ja kamar goro da aka tauna.

Kawu ya matso kusa da ni ya rage murya, abin da ba ya yi. "Yaushe zai yi hwari?"

Na ce yanzu. Gaskiya a lokacin ina ganin kamar farin yana bayan jan ne, in an matsa za a kai gare shi. Na karɓi muciya ina tuƙa tukunyar da ta fi kusa, tana ƙara nauyi a hannuna. Ana cikin haka Inna ta taso, ta naɗe hannu da tsumma, ta sauke wannan tukunyar da muciyar a ciki, ta ɗora ruwan tuwo a gurbinta. Kawu ya ce mata ba a gama ba. Ta ce, "Ku ci sukarinku, sauran mutanen gida tuwo za su ci."

Sauran tukwanen suka ci gaba. Ƙamshin ya juya ya zama ƙauri mai ɗaci. Abin ya yi duhu, ya kumburo yana kumfa, ya hau har baki, ya malalo cikin wuta, hayaƙi mai yaji ya turnuƙe tsakar gida. Maƙwabta suka fara tari suna tuna cewa lokacin masallaci ya kusa. Da muka ja wutar hayaƙin ya lafa, abin da ke cikin tukwanen baƙi ne ƙirin, mai ramuka, marar nauyi, yana ƙyalli. Kawu ya ɓantari kaɗan ya murza, ya zama gari a yatsunsa. Ya lasa, ya tofar.

"Gawayi na," in ji shi. Ya dube ni. "Na sawo gawayi Sakkwato, na ɗauko shi bisa jaki."

Ƙudan zuma ne suka cece ni daga amsa. Akwai amya a kan itatuwan bayan gida, ƙamshin safe ya kira su, suka iso a makare suka tarar da rawanin Kawu a shanye yana ɗigar zaƙi. Kawu ya je ƙwato rawaninsa, ɗaya ta harbe shi a leɓen sama. Ran nan da hula ya je masallaci, da baki kamar na raƙumi.

Tukunyar da Inna ta sauke kuwa ta huce ta daskare. Abin ciki ya zama ja mai duhu, yana sheƙi kamar kwalba, ya riƙe muciyar a tsaye. Na ja, Kawu ya ja, tukunyar ce take tasowa gaba ɗaya. Inna ta tuƙa tuwon ranar da muciyar aro. A ƙarshe sai da aka fasa tukunyar aka sa gatari. Yaran unguwa suka ɗanɗana ɓarɓashin suka ce alewa ce, kuma ta fi ta kasuwa, sai dai in ka sa ta a baki ba ka sake magana sai ta ga dama.

Kwanaki kaɗan bayan haka baturen da ke duba makarantu ya zo. Dattijo ne mai jan wuya, yana jin Hausa irin ta littafi, yana gaida kowa da cikakkiyar gaisuwa har da yara. Hedimasta ya sa an share fili, an wanke alluna, an gargaɗi kowa. Baturen yana zaune a ajina yana sauraron yara suna karanta baƙaƙe, sai na ji sallamar Kawu a ƙofa. Ya shigo da faifai a hannu, leɓensa bai gama saɓewa ba. A kan faifan akwai dunƙulen baƙin nan, da kuma wani yanki na jan, wanda ya kawo a matsayin gaisuwa. Hedimasta ya yi masa alama da ido ya fita, Kawu bai ga alamar ba, ko ya gani ya ƙi.

Ya durƙusa ya gaida baturen, ya ce, "Ranka shi daɗe, ku kunka yi sukari, ku kunka san sirrinshi. Ga nawa ya lalace. A taimaka a maishe shi."

Baturen ya juya dunƙulen a hannu ya tambayi yadda aka yi. Kawu ya ba shi labari tun daga jaka a gona. Da aka zo wurin wanda ya ba da shawara, ya nuna ni da leɓen nan nasa mai kumburi. Na ji kamar in shige bayan allo. Baturen bai yi faɗa ba, kafaɗunsa ne kawai suke motsi. Ya ce tacewar daidai ce, wutar ce ta yi yawa. Ya ce gishiri ɗan'uwan dutse ne, wutar murhu ba ta yi masa komai. Sukari kuwa daga rake ake yinsa, kuma duk abin da ya tsiro daga ƙasa, in wuta ta matsa masa, gawayi yake zama. Da an bi shi da wuta kaɗan-kaɗan aka bar shi ya sha iska, da an sami wani abu. Wannan baƙin dai, ko a ƙasarsu babu mai iya maido shi.

Kawu ya ce, "Ko Sarkin Ingila?"

Ya ce ko shi.

Sannan, don kada a ce ya raina gaisuwa, ya ɗauki jan yankin ya sa a baki ya ciza. Muka ga ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin buɗe baki, bai buɗu ba. Ya kama ƙarshen alewar da yatsu ya ja, bai zo ba. Ya ƙara ja da ƙarfi, sai ga ta ta fito, da haƙoransa na sama gaba ɗaya a jere a jikinta, har da dasashi. Ashe ƙerarru ne, abin da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Bakinsa ya lotsa nan take ya zama na tsoho tukuf. Wani yaro da ke kusa da taga ya fita ta nan, ba a sake ganinsa ba sai bayan sati.

Kawu ya matso kusa da ni, idonsa a kan haƙoran, ya ce a hankali, "Malam, wanga hwa, wane iri na? Shina komawa?"

Baturen ya ji. Ya nemi ruwan ɗumi da hannu, hedimasta ya ruga ya kawo a kwano. Ya juya mana baya, ya tsoma abin yana kaɗawa har alewar ta narke ta sake su, ya mayar, ya gyara da babban yatsa. Ya juyo da fuskarsa ta ɗazu ya ce wa Kawu, "Yana komawa." Ya zauna ya ce yara su ci gaba da karatu. Ba wanda ya iya tuna inda aka tsaya.

Ban san abin da ya rubuta a kaina ba, amma ba a kore ni ba. A gida kuwa Inna ta jera tukwanenta da suka ƙone a bakin ƙofar ɗakin Kawu, yadda sai ya tsallake su in zai shiga ko zai fita. Kwana da kwanaki ba ta ɗauke su ba. Da ya gaji da tsallake, ranar kasuwa ya ce in zo mu je wurin masu tukwane, kuma ni zan ɗauko, tunda ni ne mai ilimi. Daga nan ya bar sukari ya kama albasa, ita ce ma sana'ar da ta zauna masa har tsufansa. Yakan ce ita albasa in ta ruɓe tana gaya maka da kanta, ba sai ka nemi malami ba.

Shekara ta zagayo aka mayar da ni Rabah. Na yi murna, ina ganin zan fara sabuwar rayuwa inda ba wanda ya san ni. Ranar da na isa, ban gama kwance kaya ba, wani dattijo ya yi sallama, ya ɗaure haɓa da ƙyalle, kuncinsa a kumbure. Ya tambaya ko ni ne malamin Goronyo. Na ce ni ne. Ya ce ya ji labarin na cire wa bature haƙora duka a tashi ɗaya, ba jini ba zafi, shi nasa guda ɗaya ne tak ke damunsa. Na yi masa bayanin yadda abin ya faru, na ce ya fi kyau ya je wurin wanzami. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tashi ya sa takalmansa, ya ce ba komai, ya gane, Turawa kaɗai nake yi wa.